Yadda ake tafiyar ƙasa tsakanin ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan, da yadda ake sauka gidan mutane

Ɗan ƙanwata ne da ya tashi a Khartum ya same ni wai yana so bayan girbi ya taka da ƙafa daga Mayirno, garin Hausawa da Fulani kusa da Sinnar, ya bi ƙauyukan bakin ruwa har Sinja, ya ga dangin da sai dai a waya yake jin muryarsu, kuma abin da ya fara tambayata shine kawu wace irin jaka zan saya. Wlh sai da na yi dariya. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Haɗeja suka ratsa Borno da Wadai da Darfur suna nufin Makka, wani ya yi shekaru a hanya yana noma yana ƙara gaba, wace jaka gare su banda gafaka da buta da sanda? Shi kansa Mayirno ai 'yan tafiyar ƙasa ne suka kafa shi, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka sauka garin Shehu Talha a bakin Nilu wajen 1906, daga baya suka haye ɗaya gaɓar suka kafa garin. Raksha da boksi, wato keke mai ƙafa uku da a-kori-kura, ne kawai suka sangarta mu. To ga abin da na faɗa masa, na ce bari in rubuta ko wani ma zai amfana, ni dai wurin Baffana na koya lokacin da nake riƙe masa buta yana zagayen zumunci duk shekara.

Kafin komai ka tambayi hanya, kuma ba mutum ɗaya ba. Ƙasar nan ba kamar da ba ce, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Sinja kanta ta fita hannun gwamnati ƙarshen Yunin 2024 sai a Nuwamba soja suka dawo da ita, ƙauyuka da yawa an watse an dawo, wasu ma ba a dawo ba. Can kudu wajen Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi kuma kowa ya san rikicin ƙabilancin da ya faɗa wa mutanenmu Hausawa a 2022, ba sai na tona ba. Don haka labarin hanya na wata uku da suka wuce ba labari bane, ka nemi wanda ya biyo ta cikin satin nan, direban lori ko mai karo, wato amalanken jaki, ko masunci, su ne suka san inda aka kafa shinge da inda ba a bi. In mutum biyu suka ce maka kar ka bi wuri kaza to ka haƙura, dangi ba za su gudu ba. Ka riƙe katin shaidarka mai rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, a aljihun gaba cikin leda, in da hali shehun unguwarku ya rubuta maka 'yar takarda cewa kai wane ne ɗan wane za ka wurin wane. Kar ka sa kaya mai ruwan kakin soja ko takalmi irin nasu, kar ka naɗe fuska da rawani, kar ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton gada ko madatsar Sinnar ko shinge. Kuma duk wani ƙarfe da ka gani yashe a gona ko gefen hanya wanda baka san shi ba, kar ka taɓa kar ka shure shi, ka yi nesa ka faɗa wa mutanen gari na gaba.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shine lokacin tafiya, iska mai sanyi, ƙasa ta bushe, hatsi ya shigo gida don haka baƙo baya zama nauyi sosai. Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, wanda ya ce zai taka a lokacin ya nemi wa kansa. Damina kuwa, wato kharif, daga Yuni zuwa Oktoba, wannan baƙar ƙasar tamu ta laka ita ce matsalar. Ni na taɓa gwadawa a Satumba ina saurayi ina ji da kaina, ruwa ya sauka da asuba na ce ai zuwa hantsi ta sha iska, Baffa ya ce zauna na ƙi. Ban yi nisa ba laka ta fara kama takalmi, kowane taku tana ƙaruwa har ƙafa ta zama kamar an ɗaura mata turmi, ka kankare da kara ka yi taku goma ta dawo, daga ƙarshe na cire takalmin na rataya a wuya, ƙayar miskit ta shige min diddige. Tafiyar awa uku ta cinye min wuni, ga wani kwari da na sani busasshe ranar ya cika yana gudu da itatuwa, sai da na zauna bakinsa har ya ja baya. Kwarin nan da ake kira khor kar ka raina shi, ruwan da aka yi can nesa inda baka gani ba shine yake zuwa ya tafi da mutum.

Tafiyar yini kuma kashi biyu ce. Ka yi sallar asuba ka sha shayi ka kama hanya, zuwa goma ko goma da rabi ka nemi inuwa ko gari, ka huta har la'asar ta kusa sannan ka ƙarasa. Mutum mai lafiya da 'yar jaka yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, to ka lissafa 20 a rana, in ka saba 25, ranar farko ma kar ka kai haka. Sinnar zuwa Mayirno wajen kilomita 15 ne, ka fara gwada ƙafarka da irin wannan ka ga yadda za ta kwana. Ka tuna da sanyi rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi a nan, duk lissafinka ya zama kana cikin gari kafin a kira magariba. Kuma in ka tambayi mutumin ƙauye nisa ya ce maka gariba gariba, wato kusa ne, ko namu ya ce ai nan ne ga shi can bayan itatuwan nan, kar ka yarda, ba ƙarya yake ba shi a wurinsa kusa ne. Ka tambaye shi in na tashi yanzu ina zan yi azahar, ko jaki yana kaiwa kafin rana ta take, a nan ne zaka ji gaskiyar nisan.

Kaya kaɗan. Takalmin da ƙafarka ta riga ta sani, ba sabo ba, sabon markub, takalmin fatar nan na Sudan, ranar farko zai yi maka bororo ya gama da kai, da silifa na shiga banɗaki da alwala. Jallabiya ko arragi biyu masu haske, ɗaya a jiki ɗaya a naɗe ka ajiye ta don shiga gari da masallaci, mayafi mai ɗan kauri don sanyin asuba na Janairu a bakin ruwa ba wasa bane, hula ko rawani, sanda, tocila, allura da ɗan hantsaki na cire ƙaya, man shafawa na ƙafa, sabulu. Gidan sauro mai ƙananan ido kar ka bar shi ko da zaka bar riga, don bayan maleriya akwai kalazar, cutar zazzaɓi mai kumbura saifa, a yankin Gadarif da Dindir da wasu wurare na Sinnar, wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke kawo shi yana cizo daga faɗuwar rana, ya fi yawa inda akwai itacen talha da aduwa da ƙasa mai tsagewa, shi ya sa ba a kwana gindin waɗannan itatuwa komai daɗin inuwarsu da rana. Kuɗi ka riƙe tsaba 'yan ƙanana ka raba su wuri biyu, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, yana da amfani a gari amma ƙauyen da ba netwok sai ka zama kamar baka da ko sisi. Waya ƙarama mai riƙe caji ta fi babba.

Ruwa shine abin da na fi jin tsoro a kansa yanzu. Ka ɗau jarka ko gora mai cin lita uku ka naɗe ta da tsumman buhu ka riƙa jiƙawa, zai yi sanyi. A bakin hanya da ƙofar masallatai zaka ga randunan zir a jere ƙarƙashin rumfa da kofi a ɗaure, sabil kenan, sadaka ce kowa ya sha, ka sha ka rufe ka bar na bayanka. Amma tunda kwalara ta yi ta yawo a ƙasar tun 2024, ruwan da zaka cika gorarka in ba na famfo ko donki, wato rijiyar burtsatse, bane ka jefa masa ƙwayar kulorin ko ka roƙa a tafasa maka, ba abin kunya bane. Ruwan hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, da na tur'a, wato magudanar ban ruwa, kar ka sha haka, kuma kar ka shiga wanka cikin tur'a ko ruwan da ke kwance komai zafi, tsargiya ce. In gudawa ta kama ka, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka yi ta kurɓa kana neman asibiti mafi kusa. Haye kogi kuwa sai da masu jirgi, ka jira markab ko da zai ɗau awa biyu, kar ka ga ruwa ya ja baya ka ce zaka ratsa, masuntanmu sun san inda rami yake da inda kada ke kwanciya.

To yanzu ga ainihin maganar, don duk abin da na lissafa a sama yaro ma zai iya koya rana ɗaya. Shiga gari shine aikin.

Kar ka shiga gari da dare. Ranar lakar nan da na faɗa, bayan isha na isa wani ƙauye, karnuka suka taso min, wani dattijo ya fito da tocila da sanda ya haska fuskata ya haska ƙafata, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce ɗan wane gida ne kai da ba a koya maka lokacin sallama ba. Ya sauke ni, ya sa aka ɗumama min ruwa ya cire min ƙayar da kansa, amma faɗa kam na sha shi har na yi barci, kuma da gaskiyarsa, lokacin ma lafiya ake balle yanzu da kowa ke kwana da kunne ɗaya. Kafin ka shiga ka tsaya bayan gari ka kakkaɓe ƙura ka canja riga, ka cire karangiyar da ta manne maka a wando, sannan ka nufi masallaci kai tsaye, ba gidan kowa ba, ko da kana da dangi a garin in baka san ƙofar ba masallaci tukuna. Ka yi alwala ka bi jam'i, in an sallame ka gaisa da liman da dattawan sahun gaba, hannu biyu, ka ɗan rusuna. Ba sai ka ce kana neman masauki ba, jakarka da ƙurar ƙafarka sun riga sun faɗa. Za a tambaye ka daga ina, ina zuwa, ɗan wane gida, ka amsa a miƙe ba kwana-kwana, ka ambaci sunan kakanka da garin da kuka fito, sau da yawa kafin ka rufe baki wani tsoho zai ce af, ai kakarka da uwata 'yan ɗaki ɗaya ne.

A ƙauyukan Larabawa da sauran maƙwabta akwai khalwa ko diwan, ɗakin baƙi ne na gari ko na mai gida, in garin shehunai ne akwai masid inda almajirai ke karatu kuma tukunya bata sauka, a namu kuma zaure ne ko shagon samari. Duk inda aka kai ka nan ne wurinka, kar ka ce kai ka fi son gidan wane, raini ne ga wanda ya fara cewa itfaddal, wato bismillah. In mutum biyu suna jayayya a kanka ka yi shiru ka bar liman ya raba, wani har rantsuwa zai yi da saki a kan sai ka kwana gidansa, in ka ji an kai nan to ka bi shi kawai kar ka jawo wa matar mutane. Ka gaida shehun gari ko omda, wato hakimi, in yana kusa, a san da kai.

Abin da za a fara kawo maka ruwa ne, ka karɓa da dama ka sha ko baka jin ƙishi, sai shayi ko jabana, wato gahawa. Bayan magariba ko isha zaka ga yara na fitowa da faranti daga gidaje daban-daban ana ajiyewa wuri ɗaya, wannan asida da mulah na busasshiyar kuɓewa, wancan kisra, wancan tuwon dawa miyar kuka da busasshen kifi, a garuruwanmu wani lokaci har godogodo da nono. Ka wanke hannu a buta, ka ci gabanka, kuma ka taɓa kowane kwano ko da loma ɗaya ce saboda yaran nan suna kallo kuma za su kai rahoto cikin gida cewa baƙo bai ci namu ba. Za a yi ta tura maka nama ana ci mana ci mana, ka ci daidai, amma ka buɗe ido, in ka ga kwano ɗaya ne kuma yara na tsaye nesa suna leƙe to abincin gidan ne gaba ɗaya aka kawo maka, ka ci kaɗan ka yi hamdala da ƙarfi ka ce wallahi na ƙoshi kattar kherkum, wato na gode, Allah ya ƙara buɗi, ka janye hannu. Bara na sauka wani gida da na sani da garken awaki da buhunan dawa har rufi, na tarar ba ko akuya ɗaya, mai gidan ya kawo shayi ba sukari yana ta bani haƙuri kamar ya yi laifi, idonsa a ƙasa. Na shanye na nemi ƙari, abin da ya sa ya ɗago kai kenan.

Kuma dan Allah in ka ji motsin ana kama kaza ko ana jan ɗan akuya saboda kai, ka tashi da wuri ka roƙa a bari, ka ce kana da uzuri zaka wuce da asuba, ka haɗa da Allah da Annabi. In an riga an yanka shikenan ka ci ka yi addu'a, magana bayan wuƙa ɓata rai ce kawai.

Hira za a yi, kuma kai ne rediyon daren, za a tambaye ka farashin dawa da riɗi a Sinnar, ruwa ya yi yaya wajenku, wane ya dawo wane ya rasu. Ka bada labarin da ka gani da idonka. Siyasa da maganar ƙabila da wa ya yi wa wa laifi ka bar su, baka san wanda ya rasa ɗa ba a cikin masu zaman, kuma kar ka kwashi maganar wannan gari ka kai wancan. Kar ka leƙa cikin gida, kar ka ɗau hoton mata ko yara, in tsohuwar gidan ta fito gaishe ka ka miƙe ka ce Inna ko Hajiya ina wuni, mun same ku lafiya, in Balarabiya ce ya hajja. In da mace a tafiyarku ita cikin gida za a shiga da ita wurin mata, kuma gaskiya ita ce zata fi ka jin labarin garin. Angareb ɗin, wato gadon igiyar, da aka baka mai yiwuwa na mai gidan ne shi ya koma tabarma, ka nuna ka gane, ka ɗan yi musu sau ɗaya sannan ka kwanta. Takalmi ka kakkaɓe shi da safe kafin ka zura ƙafa saboda kunama.

Kuɗi kuwa kar ka kuskura ka miƙa wa mai gida. Na taɓa yi, na dunƙule 'yan fam na sa wa wani dattijo a hannu lokacin sallama, ya buɗe ya duba ya mayar min cikin aljihu da kansa ya ce ɗana nan ba lakonda bace, wato otal, har na bar garin bai ƙara kallona ba. Yadda Baffa ke yi shine tun daga gida yana ƙulla sukari da ganyen shayi da 'ya'yan bunni na gahawa a ƙananan leda, wani lokaci da dabino ko goro in garin namu ne, da safe sai ya kira ƙaramin yaron gidan ya ce ungo kai wa Inna ta sa mana albarka. Abin da ya shiga hannun tsohuwa ta hannun yaro ba mai dawo da shi. In ka ga gidan na cikin matsi sosai ka sa kuɗin cikin ledar shayin, ko ka ba liman ka ce a sa a tukunyar masid. Nauyin sukarin nan shine kaɗai nauyin da na yarda ka ƙara wa jakarka, kilo biyu ma ya isa gida huɗu ko biyar.

Kwana ɗaya ya isa in ba dangi bane na kusa, an ce baƙunci kwana uku ne amma wannan iyaka ce ba wai sai ka cike ba. In ka tarar ana nafir, wato gayya, ana yankan dawa ko ɗaga ɗaki, ka tuɓe riga ka shiga ko na awa biyu ne, ya fi duk wata tsaraba. A hanya in ka ci karo da farig, wato rugar makiyaya, Fulani ko Rufa'a ko Kinana, ka tsaya daga nesa ka yi sallama da ƙarfi har wani ya fito ya kore karnuka, kar ka ratsa tsakiyar garke, za su baka nono ka sha, in ɗanye ne ka roƙa a tafasa. Gonar mutane kuma ko ta manyan mashru' ce, wato manyan gandaye, ka bi gefe, kar ka karya ko zangarniya ɗaya, lokacin girbi rai a kusa yake tsakanin manoma da masu dabbobi.

Da safe kar ka sulale, ka jira shayin madara, ka yi sallama da kowa. Mai gida zai raka ka har bayan gari, a nan ne zaka yi tambayoyinka, wace hanya ce ta fi, ina ruwa, wa zan nema a gari na gaba. Zai ce in ka isa ka tambayi gidan wane ka ce ni na aiko ka, wataƙila ya haɗa ka da saƙo, gaisuwar rasuwa ko 'yar ƙullin magani ko kuɗin da zaka kai wa 'yarsa da ke aure can, ka karɓa ka kai hannu da hannu kafin ka ajiye jakarka. Ka karɓi lambarsa in yana da waya, inda ka samu netwok ka kira ka ce na sauka lafiya, don in baka kira ba wlh wani sai ya tura yaro a jaki ya bi sawunka.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa, na ɗauko masa jakar da nake tafiya da ita, tsohon buhun sukari ne da aka ɗinka wa igiya biyu, ya jujjuya ta ya ce kawu ni fa bazan rataya wannan in shiga Sinja ba.